Sun Biya Tun Kafin Su Ji

 Na san za ki yi mamaki in kin ga yau na ajiye maganar kishiya da uwar miji da kayan lefe, na tsallaka har ƙasar Ingila na ɗauko miki labarin wasu makaɗa maza su biyar waɗanda furfura ta riga ta kama musu kai. Ki yi haƙuri ki biyo ni a sannu. Ban ce ki je ki nemi kiɗansu ki saurara ba, wannan ruwanki ne. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne yadda suke samun kuɗin yin aikinsu, domin a cikinsa akwai maganar da ta shafe ni, ta shafe ki, ta shafi duk macen da take ɗan juya sana'a a cikin ɗakinta.

Sunan ƙungiyarsu Marillion. A ranar 4 ga watan Maris na shekarar 2022 suka fitar da wani sabon faifai mai suna An Hour Before It's Dark, wato saura awa ɗaya duhu ya shiga. Da fitarsa ya hau matsayi na 2 a jerin fayafayan da suka fi kasuwa a Birtaniya. To ki sani a lokacin kowannensu ya kai shekara sittin ko ya haura, gidajen rediyo ba su cika sa waƙoƙinsu ba, kuma in kin tare saurayi ko budurwa a titin Landan kin ambaci sunansu, da wuya su ce sun san su. Yaya aka yi tsofaffin da ake ganin zamaninsu ya wuce suka tsere wa yara masu tashe? Amsar ita ce labarin nan.

Bari in fara gaya miki irin kiɗan da suke yi. Turawa suna da kiɗan da ake kira rok, na jita da ganguna. A ƙarshen shekarun 1960 sai wasu samarin Ingila suka ga waƙar minti uku ta yi musu kaɗan, suka fara tsara waƙoƙi masu tsawo da zurfin ma'ana, ana kiran salon furogiresib rok. Manyan cikinsu su ne irin su King Crimson da Yes da Genesis da Pink Floyd. Waƙa ɗaya sai ta ci minti goma sha biyar ko ashirin, ta fara a hankali kamar mai lallashi, can ta hargitse, can kuma ta lafa, an rarraba ta kashi-kashi kowane kashi da sunansa. Ke da kika saba karanta littafi na ɗaya da na biyu da na uku kafin ki ji yadda aka ƙare da jaruma, ai kin fi kowa gane wannan tsari. Matsalar ita ce mai gidan rediyo ba ya son doguwar waƙa, yana son gajeriya ya sa talla a bayanta. Shi kuwa kamfanin faifai abin da rediyo take so shi yake so, tunda nan kuɗi yake.

Su Marillion a garin Aylesbury aka kafa su a 1979, kuma daga sunan wani littafin marubucin nan Tolkien suka yanko sunansu. Sun yi tashe ƙwarai da gaske. A 1985 faifansu Misplaced Childhood ya zo na 1 a Birtaniya, wata waƙar soyayya da ke cikinsa mai suna Kayleigh ta zo ta 2, har iyaye da yawa suka riƙa raɗa wa 'ya'yansu mata wannan suna. Amma kin san duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 1988 mawaƙinsu wanda ake yi wa laƙabi da Fish ya fita daga ƙungiyar, mutane suka ce shi ke nan an gama. A 1989 suka ɗauko wani mawaƙin, Steve Hogarth, ya haɗu da sauran huɗun: Steve Rothery mai jita, Mark Kelly mai fiyano, Pete Trewavas mai jita mai kaurin murya, da Ian Mosley mai ganguna. Waɗannan biyar ɗin su ne dai suka yi faifan 2022, shekara 33 ke nan suna tare babu wanda ya yi yaji. Aure nawa kika sani da ya kai haka?

Zama tare bai hana kasuwa ja da baya ba. Ciniki ya yi ta raguwa, bayan faifansu na 1995 suka rabu da babban kamfanin da yake ɗauke da su, wato EMI. Suka koma hannun ƙananan kamfanoni, abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba. A 1997 sai da ta kai Mark Kelly ya sanar da masoyansu na Amurka cewa su yi haƙuri, ba za su iya zuwa yi musu wasa ba, don kuɗin tafiya ya fi ƙarfinsu. Lokacin nan intanet jaririya ce, ba kowa ke da ita ba. Masoyan nan ba su tsaya cewa Allah sarki kawai ba. Suka yi shawara a tsakaninsu, suka buɗe asusu, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, har suka tara kusan dala 60,000. Kuma wannan gudummawa ce, ba kuɗin tikitin shiga kallo ba. Da kuɗin nan ƙungiyar ta je Amurka ta yi zagayenta ta dawo.

Daga nan idonsu ya buɗe. Da lokacin sabon faifai ya zo sai suka aika wa masoyansu saƙo suna tambaya: za ku yarda ku biya kuɗin faifan tun yanzu, alhali ko waƙa ɗaya ba mu naɗa ba? Mutum sama da 12,000 suka biya. Da wannan kuɗi suka zauna suka yi aikin, faifan ya fito a 2001 da suna Anoraknophobia, aka buga sunayen dubban waɗanda suka riga biya a ɗan littafin da ke cikin kwalinsa. Abin da ya fi burge ni, da suka gama sai suka koma wa kamfanin EMI, amma wannan karon ba da ƙoƙon bara ba. Kaya nasu ne, kamfani rarrabawa kawai zai yi a shaguna. Shekara takwas bayan haka, a 2009, aka buɗe Kickstarter, inda yanzu mutane suke tara wa mai fasaha jari ta wannan hanya, shi ya sa ake lissafa Marillion cikin waɗanda suka share fagen.

Ƙanena da ya yi karatu a Ingila shi ya fara ba ni wannan labari, yana ba ni yana dariya don ya san inda zai taɓa ni. Ni kuwa ban yi dariya ba. Duk marubuciyar da ta taɓa buga littafi da kuɗin aljihunta ta san ciwon. Ki gama rubutu da daddare bayan yara sun yi barci, ki biya mai buga miki a kwamfuta, ki biya mai zanen bango, ki sayi takarda, ki biya maɗaba'a. Wata adashinta take kwashewa, wata 'yan kunnenta na gwal take kaiwa kasuwa. In littafi ya fito ɗan kasuwa ya karɓa bashi, sai ya sayar zai biya, in kin aika yaro ya ce a dawo wani satin. Ni da kaina na taɓa yin wata bakwai ina bin kuɗin littafi na ɗaya, ga na biyu a rubuce cikin jaka babu kuɗin fitar da shi, ga wasiƙu da saƙonni suna ta zuwa: Anti, wai yaushe za mu ji ƙarshen labari? Masu tambayar nan suna sona har zuciya, ban taɓa shakka ba. Amma da yawansu aro suka karanta, littafi ɗaya ya zaga gida goma har bangonsa ya cire. Yanzu da karatu ya koma waya abin ya ƙara sauƙi, mutum ɗaya ta saya ta tura wa ɗari, tana ganin alheri ta yi.

Kin ga bambancin ke nan. Mu da su duka muna da masoya. Nasu sun gane cewa so ba ya sayen takarda, ba ya biyan kuɗin situdiyo, sai suka sa hannu a aljihu tun kafin a roƙe su sau biyu. Ba su kai yawan masoyan manyan taurari ba, amma tsintsiya ce, maɗaurinsu ɗaya. A 2004 ma haɗa kai suka yi suka sayi wata waƙar ƙungiyar mai suna You're Gone har ta kai ta 7 a Birtaniya, abin da rabonsu da shi tun zamanin tashensu. Tun 2002 kuma suke shirya taron kwana uku, masoya su zo daga ƙasashe daban-daban a yi ta wasa ana gaisawa kamar taron dangi.

To me suka yi da wannan 'yanci da aka saya musu? Nan ne faifan 2022 ya shigo. Tunda babu wani mai kuɗi a kansu da zai ce a gajarta ko a sa abin rawa, sai suka yi waƙa a kan abin da yake damunsu. An yi aikin ne a zamanin annobar korona, kuma an ji ta a ciki. Akwai waƙa mai suna Murder Machines wadda take magana a kan yadda rungumar wanda kike so ta koma abin tsoro, don ba ki sani ba ko ke ce za ki kai masa cutar da za ta yi ajalinsa. Duk wadda take da tsohuwa a gida a shekarar 2020 ta san wannan fargaba. Waƙar farko a faifan kuma gargaɗi ce a kan yadda ɗan Adam yake saye-saye da ɓarna ba ƙaƙƙautawa har yanayin duniya ya rikice.

Akwai wata mai suna Sierra Leone, wato ƙasar Saliyo da ke nan Afirka ta Yamma. Labarin wani talaka ne da ya tsinci lu'ulu'u, maimakon ya ruga ya sayar sai ya ƙi. Da ƙanena ya fassara min sai na ce wannan ai wawa ne, ga talauci ga arziki a hannu. Da na kwana da maganar sai na ga inda aka dosa. Mutumin da tun haihuwarsa ba a taɓa tambayar ra'ayinsa ba, yau ga shi da abin da manya suke roƙo, kuma yana da ikon cewa a'a. Ban san ko da kansu suke ba, amma ni na ga kamarsu a ciki, su da suka ƙi miƙa aikinsu ga wanda zai saye shi da arha.

Ta ƙarshe ita ce Care, ta fi minti 15, kashi huɗu. Ta fara da mara lafiya da yake shan magungunan cutar daji yana lissafin kwanakinsa, ta ƙare da jinjina ga ma'aikatan jinya da na asibiti waɗanda suka tsaya a kan marasa lafiya lokacin annoba, alhali kowa yana gudun kowa. Wace rediyo ce za ta ba ki minti goma sha biyar ki yi wa nas godiya? Wane kamfani ne zai zuba kuɗinsa a waƙar mai jinya? Ba don mutanen da suka biya tun kafin su ji ba, da wannan waƙa ba ta zo duniya ba.

Shi kansa sunan faifan, sun bayyana cewa yana nufin awar nan ta ƙarshe da ake barin yaro ya yi wasa a waje kafin a kira shi gida, yana kuma nufin ɗan lokacin da ya rage a gyara ɓarnar da aka yi wa duniya, da kuma ƙarshen rayuwar mutum. Wannan kam ba sai an yi mana fassara ba. Kowace uwa ta san lokacin da rana ta yi ja, ta leƙa zaure tana ƙwala wa yara kira su shigo magariba ta yi, su kuma suna roƙon a bar su kaɗan. Dattawa masu shekara sittin da suka zaɓi wannan suna sun san abin da suke faɗa.

Sai dai kada ki ɗauka abin duk daɗi ne. Kuɗin da aka ba ki kafin aiki bashi ne, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ya riƙe Marillion shi ne ba su taɓa mayar da masoyansu saniyar tatsa ba. Suna da situdiyonsu na kansu mai suna Racket Club. Yadda suke aiki shi ne su taru su yi ta kiɗa yadda ya zo musu, ana naɗar komai, wata da watanni. Sannan mai haɗa musu sauti, Michael Hunter, ya bi ya tsince gutsattsarin da suka yi kyau ya adana, daga baya a zauna a zaɓa a ɗinka su kamar mai haɗa zanen gado da ƙyalle-ƙyalle. Shi ya sa tsakanin faifansu na sababbin waƙoƙi na 2016, wanda ya zo na 4, da wannan na 2022 aka fi shekara biyar. Masoya sun jira, don sun san in ya fito ba za a ba su ɗanye ba.

Akwai kuma haɗarin ɗan tsakiya. Faifan 2016 ta hannun wani kamfani mai suna PledgeMusic aka tara kuɗinsa, wanda aikinsa shi ne karɓar kuɗin masoya ya miƙa wa mawaƙa. A 2019 kamfanin nan ya durƙushe, mawaƙa da dama suka rasa kuɗin da masoyansu suka tara musu. Ke da kika taɓa jin labarin uwar adashin da aka wayi gari ɗakinta a kulle, kin san irin wannan kuka. Marillion suna da shagonsu na kansu, Racket Records, inda masoyi zai yi oda kai tsaye. Darasin a fili yake: in amana za ta yi tafiya, a rage yawan hannuwan da za ta bi.

Yanzu bari mu dawo ɗakinki. Wannan abu da Turawa suke yi wa kallon sabo, mu mun daɗe da saninsa, sunansa kafin alƙalami. In kin kai ɗinkin Sallah kin ba tela rabin kuɗi, me kika yi? In kin ba mai turaren wuta kuɗi kin ce ta haɗa miki na biki nan da wata ɗaya, me kika yi? Kin biya kafin ki gani, don kin yarda da hannunta. Saboda haka ina da magana biyu, ɗaya ga mai sana'a, ɗaya ga mai saye, kuma na san yawancinmu duka biyun ne.

Ke mai sana'a, ko cincin kike yi ko dubulan, ko kitso ko lalle ko saƙa, daina zama kina jiran wani Alhaji ko wani shirin gwamnati ya zo ya ba ki jari. Ki duba mutanen da suke dawowa wajenki sau biyu sau uku. Ko su ashirin ne, su ne dukiyarki. Ki san sunansu, ki san abin da suke so, in kin yi sabon abu su fara sani. Ranar da kike son ƙara girman sana'a ki gaya musu gaskiya, ki ce ga abin da nake son yi, ga ranar da zan kawo, wa zai ba ni nasa tun yanzu? Wasu za su ƙi, ba laifi. Waɗanda suka yarda kuwa, ki rubuta sunansu da abin da suka bayar a littafi, kada ki taɓa kuɗin nan ki yi anko ko gudummawar biki, kuma ranar da kika ce ta zama ranar. In wani abu ya gifta ki aika tun da wuri ki faɗa, kada ki bari sai an zo ana sallama kina cewa yara su ce ba kya nan. Alkawari kaya ne. Sau ɗaya za ki saɓa a daina ba ki, sau uku za ki cika a fara kawo miki wasu.

Ke kuma mai saye, ki duba abubuwan da suke faranta miki rai, ki tambayi kanki ko kin taɓa sa musu ko sisi. Maƙwabciyar da take miki kitso mai kyau kullum kina cewa a rubuta, marubuciyar da ta hana ki barci kina kuka da jarumarta, yarinyar da take ɗinki a layinku kina yaba hannunta amma kina kai naki wajen wani. Yabo yana da daɗi, amma ba a cefane da shi. Marubuta mata nawa ne muka ji shiru, aka ce ai aure ne ya ɓoye su ko haihuwa, alhali gaskiyar ita ce jarin ne ya karye? Labarai nawa ne suka tsaya a littafi na biyu har yau ba a ji ƙarshensu ba? Ba na ce kada ki ba ƙawarki aro ba, zumunci ne. Amma in littafin ya yi mata daɗi, ki ce mata ta sayi na gaba da kuɗinta. In an turo miki na sata a waya, ki tuna akwai wadda ta hana idonta barci ta rubuta shi.

Mutum 12,000 ba su da yawa in aka kwatanta da jama'ar Ingila, ko unguwa ɗaya ta cikin birnin Kano ta fi su. Amma su ne suka hana ƙungiyar nan mutuwa a 2001, har ta kai ga yin wasa a babban zauren nan na Royal Albert Hall a 2017, ta kuma fitar da faifan da muka yi magana a kansa a 2022. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kuma ba sai gari duka ya taru ba. Kaɗan masu riƙon amana sun isa, in ita ma wadda aka ba amanar ta riƙe.

Ki zaɓi mutum ɗaya cikin satin nan wadda aikin hannunta yake burge ki, ki biya ta da wuri, ki biya ta cikakke, ba tare da kin ce ta rage miki ba. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba mu ikon cika alkawari. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.

Taku har kullum.